Tallafin gwamnati ga manoma a Sudan: ta ina yake bi, kuma me ya sa mai dangada ba ya ganinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina yana noma fadan biyar (fadan ɗaya ya ɗan fi eka ɗaya) a yankin Manaƙil, amma hawashar, wato gonar ban ruwan, ba tasa ba ce, dangada, wato kuɗin hayar gona, yake biya duk shekara. Damina dawa da gyaɗa, hunturu alkama. Ƙanensa kuma yana da gonar damina kamar fadan 20 a kudu da Gadarif. Kullum muna jin an ce gwamnati ta ware kuɗi masu yawa don manoma, amma su biyun ba wanda ya taɓa riƙe ko fam ɗaya. Ina kuɗin ke zuwa, kuma me za su yi su samu rabonsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa Baba da Baffa lafiya, ya sa albarka a gonakinsu.

Fara cire wani abu daga ranka. A Sudan babu tsarin da gwamnati ke ƙirga fadan ɗin manomi ta zuba masa kuɗi kyauta a asusu, irin wanda ƙasashen Tarayyar Turai ke yi wa manomansu. Idan ka ji an ce an ware biliyan kaza don damina, mafi yawansa bashi ne da Bankin Noma na Sudan zai raba, a biya shi bayan girbi. Sauran tallafin yana zuwa ne a sifar farashin da gwamnati ke alkawarin sayen amfani da shi, ko iri, ko mai, ko feshin fara da tsuntsaye da hukumar kare tsirrai ke yi da kuɗin ƙasa. Kuma in ka ɗebe feshin, kowane ɗayansu sunan da ke rubuce a littafi yake bi. Wanda ya sha rana a gonar, in ba sunansa ne a rubuce ba, ofis bai san da zamansa ba. Nan matsalar su biyun take, sai dai ta kowanne da irin tata.

Mu fara da Baba. Manaƙil ɓangare ne na Shirin Jazira, babban shirin noman ban ruwa wanda ya fara aiki da madatsar Sinnar a 1925, aka ƙara masa faɗin Manaƙil a ƙarshen shekarun 1950, har ya haura fadan miliyan biyu, hedikwatarsa a Barakat kusa da Wad Madani. Tun asali an gina shi ne a kan mai hawasha: shi ke da lamba, shi ke da shafi a littafin ofis, shi ake ba ruwa da iri, shi ake bi bashi. Da ana yin lissafin haɗin gwiwa a kan auduga, a 1981 aka koma lissafin kowa da kansa, sannan dokar 2005 ta ba manomi damar shuka abin da yake so, ta kuma ɗora masa nauyin nemo kuɗin noman. Duk waɗannan sauye-sauyen ba su taɓa matsayin mutanen kambo, wato unguwannin 'yan ƙwadagon gona, ba. Da yawa daga cikin Hausawan da kakanninsu suka zo tsinkar auduga suka zauna, har yau da dangada ko sharaka, wato raba amfani da mai gona, suke noma. Saboda haka idan taki da irin alkama suka iso da sunan hawashar da Baba ke nomawa, mai hawashar ne ke sa hannu ya karɓa.

Daga nan abu uku ke faruwa. Mai kirki yakan miƙa wa mai dangada kayan a farashin da ya karɓa. Wani yakan karɓa ya sayar masa a farashin kasuwa, ya riƙe bambancin, wato tallafin ya tsaya a aljihunsa ke nan. Na ukun shi ne mafi muni: ya karɓi kayan ya kai kasuwa, ko kuma akwai tsohon bashi a kan hawashar wanda bai faɗa ba, ranar da injin girbi ya shigo sai masu karɓar bashi su iso. Su kuwa amfanin da ke tsaye a hawashar suke kallo, ba su tambayar wa ya shuka.

Maganin wannan ana yinsa ne kafin a biya kuɗin dangada, bayan an biya magana ta ƙare. Baba ya tafi ofishin taftish, wato ofishin sa ido na Shirin Jazira da hawashar ke ƙarƙashinsa, tare da mai ita, a duba ko akwai ragowar kuɗin ruwa da na gudanarwa, a kuma tambayi reshen banki ko akwai bashin bara. Mai hawashar da ya ƙi wannan rakiyar ya riga ya ba ku amsa. Sannan a rubuta yarjejeniya, da shaidu biyu, in da hali lauya ya buga mata hatimi. A sa sunan magudanar da lambar hawashar da yawan fadan, a sa lokacin noman da aka yi dangadar dominsa, a fayyace wa zai karɓi iri da taki idan sun zo, a kan wane farashi, wa zai biya banki, wa zai biya kuɗin ruwa. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne layin da ke cewa duk bashin da ya gabaci wannan lokacin yana wuyan mai hawasha. Idan an amince Baba ne zai karɓi kayan ya kuma kai amfanin sito, to mai hawasha ya rubuta masa wakala a gaban lauya, domin ma'aikacin sito ba zai karɓi maganar baki ba. Abin da kuɗin lauyan yake karewa noman shekara ne.

Yanzu bashin kansa, don nan ake cin mutane ko da sunansu na littafi. Bankunan Sudan da tsarin Musulunci suke aiki, hanyoyi biyu ne manomi ya fi haɗuwa da su. A murabaha banki ne ke sayen kayan, taki ko iri ko injin ban ruwa, ya sayar maka da riba sananniya, ka biya kuɗi a ranar da aka yanke. A salam kuwa banki ne ke sayen amfanin da ba ka girbe ba tukuna: ya ba ka kuɗi yau a kan farashin buhu da aka tsayar, kai kuma ka kawo masa buhunan bayan girbi. Bashin murabaha kuɗi ne, bashin salam hatsi ne, kuma a ƙasar da kuɗinta ke narkewa wannan bambancin ba ƙarami ba ne. A Fabrairun 2021 an sauke fam daga 55 zuwa kusan 375 a dala ɗaya a farashin hukuma, hauhawar farashi ta haura kashi 300 cikin ɗari a shekarar. Wanda ya ci bashin kuɗi tsayayye a irin wannan lokacin, ranar biya bashin ya yi masa sauƙi, don amfaninsa ya yi tsada. Wanda ya sayar da buhu a farashin Yuni ya kawo shi a Janairu, shi ne ya yi asara. A ganina duk inda manomi ke da zaɓi, kuma abin da yake buƙata kaya ne ba tsabar kuɗi ba, murabaha ta fi masa.

Salam na da sharaɗin rage cuta da ake kira izalatul gabni. Ma'anarsa idan farashin kasuwa ranar kai kaya ya zarce farashin salam da fiye da sulusi, abin da ya haura sulusin a mayar wa manomi. Mu ɗauka, don misali kawai, an tsayar da buhun dawa a kan fam 90,000. Sulusinsa 30,000 ne, don haka har farashi ya kai 120,000 manomi ba shi da komai, ribar ta banki ce. Idan ya kai 150,000, sai a mayar masa da 30,000 a kowane buhu. Ka ga an rage cutar ne, ba a kawar da ita duka ba. Kuma sharaɗin kaifi biyu gare shi, idan farashi ya faɗi da fiye da sulusi banki ma na iya neman nasa. A karanta takardar a ga sharaɗin yana ciki, a ga kuma farashin wace kasuwa da wace rana za a yi lissafi da shi, don a wannan gurbin ake rigima.

Sai cek ɗin jingina. Banki yakan sa manomi ya sa hannu a cek daidai da bashin. Sashe na 179 na dokar laifuffuka ta 1991 ya mai da cek ɗin da ya dawo babu kuɗi laifi, kuma ta wannan ƙofar ce manoma da yawa, musamman a Gadarif, suka shiga kurkuku a shekarun fari, a tsare mutum har sai an biya. Kada Baba ko Baffa ya sa hannu a cek ɗin da ba a rubuta adadi da rana a kansa ba. Kada kuma ya tsaya wa wani jingina don kunya. Ranar da aka gama biya, a karɓo cek ɗin a hannu tare da takardar shaidar kammala biya, a adana.

Game da alkama, lokacin da tallafin ya iso ya fi yawansa muhimmanci. A Jazira ana son iri ya shiga ƙasa cikin Nuwamba. Fadan ɗaya na cin kilo 50 zuwa 60 na iri, da kamar buhu biyu na yuriya mai kilo 50, da buhu ɗaya na takin fosfet wanda ake sawa wajen gyaran ƙasa, da ban ruwa kusan sau takwas, tsakani kwana 12 zuwa 14. Fadan biyar ɗin Baba ke nan na buƙatar kilo 250 zuwa 300 na iri da buhun yuriya wajen goma. Idan aka tsaya jiran kayan banki har Disamba ta yi nisa, alkamar za ta zo cika ƙwaya daidai lokacin da zafi ya dawo a ƙarshen Fabrairu da Maris, ƙwayar ta motse, buhunan su ragu, bashin kuwa yana nan yadda yake. Haka yuriyar da ta iso bayan alkama ta fitar da kai, amfaninta kaɗan ne, amma za a biya kuɗinta cikakke. Wanda ya ga tsakiyar Nuwamba ta zo kaya ba su iso ba, gara ya rage fadan ya shuka abin da aljihunsa zai iya ciyarwa da taki a kan lokaci, ko ya koma ga abin da ba ya cin kuɗi haka. Kuma ya duba matsayin hawashar a kan Abu Ishirin, wato ƙaramar magudanar da ke kai wa hawashoyi ruwa: ta ƙarshen magudanar da ciyawa da laka suka toshe, ƙishi ke kashe ta a ban ruwa na shida da na bakwai, ko da an ba ta taki kyauta.

Farashin da gwamnati ke tsayarwa, wanda ake kira farashin tarkiz, shi ne abin da ya fi kama da tallafin kuɗi na gaske, in ya yi aiki. Gwamnati ta ce za ta sayi buhun alkama mai kilo 100 a kan kaza, Bankin Noma ya karɓa a sitocinsa. Amma a tuna da 2022. An sanar da fam 43,000 a buhu, manoma suka shuka a kan wannan lissafin, da girbi ya zo Ma'aikatar Kuɗi ta ce babu kuɗin saye kamar yadda aka yi tsammani. Alkama ta yi watanni jibge a gidajen manoma a Jazira da jihar Arewa, 'yan kasuwa suna taya ta ƙasa da farashin sosai, bashin banki kuma yana jira. Saboda haka lissafin gona a yi shi da farashin da ɗan kasuwa zai iya biya a bakin gona, in na gwamnati ya tabbata ya zama ƙari. Ko a shekarar da ya tabbata, abin da ke isa hannu ya gaza abin da aka sanar, don sai an cire bashin kaya, kuɗin ruwa da gudanarwa, ladan injin girbi, kuɗin buhuna, kuɗin mota zuwa sito, da zakka. A sito kuma ana duba danshi da ƙasa da tsakuwa, buhun da bai cika sharaɗi ba a rage masa ko a mayar da shi. Mai dangadar da ba shi da wakala ba ya ma kaiwa wannan matakin: yana sayar wa dillali a gona, dillalin ya shigar da ita sito da sunan wani mai hawasha ya ci bambancin.

Zakkar, tun da ta shigo: Diwanin Zakka na karɓar ushiri a noman damina, rabin ushiri a noman ban ruwa mai ɗawainiya, nisabin kilo 653 ne. A riƙe rasit, don kada a sake karɓa a shingen hanya ko a ƙofar kasuwa.

Baffa kuma matsalarsa girma ce. Gadarif ƙasar manyan gonakin injin ce, masu fadan ɗari biyar, dubu, har fiye, masu takardar haya daga hukuma da gidaje ko tarakta da za su jinginar. Bashin salam na damina su ya fi saukar wa, don ma'aikacin banki ya fi son fayil ɗaya na fadan dubu a kan fayil hamsin na fadan ashirin-ashirin. Mai ƙaramar gonar gado ko ta rabon sarkin gari ba shi da takardar da banki ke karɓa a matsayin jingina. Ƙofarsa ita ce ƙungiya. Dokar 2011 ta ƙungiyoyin masu sana'ar noma da kiwo ta ba manoma damar yin rajistar ƙungiyar samarwa, wadda za ta buɗe asusu ta nemi bashi da sunanta, mambobi su lamunci juna. Abin da ake nema yawanci shi ne lambar ɗan ƙasa ta kowane mamba, jerin sunaye da fadan ɗin kowa, takardar shaidar mallakar gona ko ta noma daga kwamitin gari da ofishin noma na ƙaramar hukuma, da shugabannin da aka zaɓa a rubuce. Lambar ɗan ƙasar ce kan tsayar da mutanenmu, wanda bai da ita ya fara da ita tun rani. Ban da Bankin Noma akwai ƙananan basussuka: Babban Banki ya daɗe da umartar bankuna su keɓe kashi 12 cikin ɗari na abin da suke bayarwa don wannan, kuma Bankin Tanadi da Raya Jama'a da Bankin Iyali a wannan fagen suke. Lamunin juna dai na da haƙori, in mutum ɗaya ya gaza, ƙungiyar duka ake rufe wa ƙofa baɗi. A shiga da waɗanda aka san gonarsu da halinsu, ko da ba su da yawa.

Nawa Baffa zai ɗauka? Lissafin shekarar fari ake yi. Dawar damina a wannan yankin takan ba da buhu biyu zuwa uku a fadan a matsakaiciyar shekara, wato 40 zuwa 60 a fadan 20. Shekarar da ruwa ya yanke a Satumba, ko ƙuduji ya cinye gona, buhu ɗaya a fadan ma sai an yi sa'a. Cire abincin gida da irin baɗi daga buhu 20, abin da ya rage shi ne iyakar abin da ya kamata ya yi alkawari a salam, wajen buhu goma. Dalili shi ne wanda gonarsa ta gaza dole ya sayo buhunan a kasuwa ya kai wa banki, kuma shekarar da gonarsa ta gaza ta maƙwabta ma ta gaza, farashi yana sama. Duk da haka salam ɗin banki ya fi shail, wato sayen amfani kafin girbi da ɗan kasuwar ƙauye ke yi, nesa ba kusa ba, don shi a tsakiyar damina yake saye, lokacin da rumbu ya ƙare, a farashin da ya ga dama, babu kuma maganar mayar da komai. Idan an haɗa bashin da inshorar amfanin gona, irin wadda kamfanin Shiekan ke yi, a sani kuɗin da aka kashe take rufewa, ba ribar da aka sa rai ba. Kuma sai an kai rahoto a rubuce da zarar ɓarnar ta faru, an zo an gani gonar na tsaye. Wanda ya sake kafta gonar ko ya saki dabbobi a ciki kafin masu dubawa su zo ya goge hujjarsa da hannunsa.

Man jazulin, wato dizal, ba sai mun daɗe a kansa ba. An cire tallafin mai a Yunin 2021, kuma ko a da can mai tarakta ne ke karɓar kason, ƙaramin manomi ladan huɗa yake biya a fadan.

Iri kyauta ya fi zuwa ta hannun Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji, tare da ma'aikatun noma na jihohi, musamman tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Wannan kam bai cika neman takardar gona ba, jerin sunayen da kwamitin gari ya haɗa ake bi, don haka kambon da ba shi da wakili a kwamitin da ke rubuta suna sai labari ya iske shi. Dawa kilo uku kan ishi fadan, kaɗan ɗin da aka bayar yana rufe gona mai dama. A tambayi sunan irin: Arfa Gadamak mai saurin nuna ne, ya dace da inda ruwa ke da ƙaranci ko shuka ta makara, Tabat da Wad Ahmad sun fi son ruwa wadatacce. Irin da aka yi wa magani, mai launi a jikinsa, ba a ci ba a ba dabba.

Yaƙin ya ƙara wani aiki a kan Baba. Wad Madani ta fita hannun soja a Disambar 2023, ta dawo a Janairun 2025, a tsakani an wawashe ofisoshi da sitoci da injuna a faɗin Jazira. Duk wata takarda da ke hannu, rasit ɗin biyan bashi, na kuɗin ruwa, tsohuwar yarjejeniyar dangada, a ɗauki hotonta a waya a tura wa wani ɗan'uwa da ke wani gari, domin inda littafin ofis ya ɓace takardar manomi ce kaɗai za ta hana a sake binsa bashin da ya biya. Tun canjin takardun fam 500 da 1,000 a Disambar 2024 harka ta ƙara komawa asusu da manhajoji irin su Bankak, don haka kowannensu ya buɗe asusu da sunansa, ba da na ɗa ko maƙwabci ba. Wanda ya kira a waya ya ce a turo kuɗin rajistar tallafi, ko a karanta masa lambar sirrin da ta shigo, ɓarawo ne.

Kai da kake tambaya, aikin da za ka ɗauke musu na takarda ne da kalanda. Na Baffa a fara shi a Maris ko Afrilu, rajistar ƙungiya da asusu su kammala kafin Mayu ta ƙare, don riɗi na shiga ƙasa daga ƙarshen Yuni, dawa a Yuli, kuɗin da ya fito a Agusta sai dai ya biya masu noman ciyawa. Na Baba kuma a zauna da mai hawasha a Satumba, a je ofishin taftish a Oktoba, wakala ta kasance a hannu kafin motar taki ta iso.